Ƙulli na Huɗu

Duk wanda ya shiga rumfar Fatawu a unguwar Nima ta ƙasar Gana, can bakin babbar gota, wato magudanar ruwa, ta ɓangaren da ke kallon Mamobi, igiyoyi zai fara gani kafin ya ga babur. Suna rataye a bangon katako, kowace da ƙusarta, sun fi saba'in, ba suna ba lamba, amma kowace igiya da mai ita. Idan ka kawo babban babur na doguwar tafiya kana kukan baya ko gwiwa, Fatawu ba zai ko kalli babur ɗin ba tukuna. Zai ce ka cire takalmi ka jingina da bango. Sai ya yanko sabuwar igiya, ya auna daga diddige zuwa matsematsi ya ƙulla, daga mazauni zuwa kafaɗa ya ƙulla, daga kafaɗa zuwa dunƙulen hannu ya ƙulla. Da ƙullin nan uku yake sanin yawan soson da zai ƙara wa sirdi, da inda kan babur zai tsaya, da inda matakin ƙafa zai sauka. A wurinsa babur riga ce, kuma masu ƙera su ba su taɓa auna ɗan Nima ba.

Igiya ba ta sauka daga ƙusarta sai mai ita ya mutu. Ran addu'ar uku Fatawu zai sa farar riga, ya kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe igiyar ya kai wa iyalin mamaci. Ba malamin da ya ce a yi haka, ba kuma wanda ya hana. Sau shida ya yi wannan tafiya cikin shekara ashirin da biyar, kuma duk mahayan unguwa sun san ma'anarta, har sukan ce wa mai gudun ganganci ya yi a hankali kada Masta ya sa farar riga.

Abin dariyar shi ne, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaga sirdi saboda dogaye, shi kansa in ya tsaya kusa da babban babur tanki ne ke gaisawa da ƙirjinsa. Gajere ne na gasken gaske. Yakan gwada aikinsa ta hanyar jingina babur da dakali ya haye, ya zaga zuwa Kawukudi ya dawo, ya sake neman dakalin kafin ya tsaya. Nasa na kansa wani ɗan ƙaramin abu ne da yake kai tukunyar wake da shinkafar matarsa Suweiba bakin titi da shi.

Igiyar da ke ƙusa ta farko ta Rauf ce. Tare suka taso a lungu ɗaya, tare aka yi musu kaciya, kuma Rauf ne ya tsaya masa ran aurensa. Yanzu Rauf na fitar wa mutane kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema, shi ne kuma shugaban mahayan unguwa. Mutum ne mai daɗin baki, wanda in ya yi maka alkawari kai ma sai ka ji kamar an riga an cika.

Shekara uku da suka wuce Rauf ya sauke wata gawar babur a ƙofar rumfar, gabanta a murƙushe, injin ya sha ruwan gishiri. Irin manyan nan ne da ake keta ƙasashe da su, mai tsawo har 'yan unguwa suka sa masa suna Raƙumi tun yana kwance.

"Cale, aboki na, an ce in zubar," in ji Rauf. "Amma na ce akwai wani gajere a Nima da ke tada matattu. In ka tashe shi, kai za ka hau shi. Takarda na suna na ne don ni na fitar, amma moto naka ne."

Fatawu bai ce a rubuta ba. Wa zai nemi rubutu daga mutumin da suka ci cikin kwano ɗaya tun ba su san kunya ba?

Ya tashe shi kuwa. Ya kwance injin ƙwaya-ƙwaya, ya yi ta yawon Abosokai wajen masu tsofaffin kayan gyara, abin da bai samu ba ya ƙera. Da injin ya tashi, sai ya koma kan abin da bai taɓa yi wa kowa ba, wato ya durƙusar da Raƙumi. Ya rage tsawon shokozoba, ya sassaƙe soson sirdi har ya kusa kai wa faranti, ya janyo kan babur baya. Ranar ce ma aka fara auna shi. Rauf ne ya riƙe igiyar, Fatawu na gaya masa inda zai ƙulla, Rauf na dariya yana cewa ai wannan ko zaren wando ya isa. A nan Rauf ya koyi ƙullin uku.

Duk wannan wahala da dalilinta. Mahaifin Fatawu, Baba Seidu, ya koma garinsu Gambaga shekara bakwai da suka wuce, ya ce ya gaji da hayaniyar Nima. Ran da zai tafi, a tasha, ya dubi ɗansa ya ce, "Kullum kana gyara wa mutane su hau su bar ka da baƙin mai. Ran da za ka zo mini, kada ka zo a matse cikin mota kamar buhun gawayi. Ka zo a kan abin da hannunka ya gyara, in ji ka tun daga kan dutse." Wani zai ce ai maganar tsoho ce, ga mota nan kullum tana tashi. Fatawu ya je sau biyu a motar, kuma sau biyun tsohon ya tambaye shi ina babur ɗin kafin ya tambaye shi jikoki. Yanzu idon Baba Seidu ya tafi, saura kunne. Da mahayan unguwa suka tsayar da tafiya arewa bayan Babbar Salla, babur goma sha biyu, ta Kumasi da Kintampo zuwa Tamale, Rauf da bakinsa ya ce daga Tamale za su raka Fatawu har ƙofar gidan ubansa. Fatawu ya buga waya ya faɗa. Aka ce tun ranar tsohon ya sa aka mayar da tabarmarsa bakin zaure.

Saura kwana tara a tashi, da hantsi, Rauf ya shigo rumfar. Bai zauna kan bencinsa ba, bai kuma ɗauki kofin shayin da ke jiransa ba. Ya ciro igiya daga aljihu ya ajiye kan teburin aiki.

"Wani mutum ne a unguwan Madina, nan bayan gari, yana da irin Raƙumi daidai. Dogo ne paa, dogo sosai. Yana so a ɗaga masa. Na auna shi da kai na don kar in wahalar da kai. Ka yi masa sirdi da ƙarafa, komai da komai."

"Shi kawo moton mana."

"Ya yi tafiya. Ka fara tukuna."

Rauf ya duba wayarsa, ya ce ana jiransa a Tema, ya fita. Fatawu ya ɗauki igiyar ya ja ta cikin yatsunsa kamar carbi, kuma tun kafin ya kai ƙulli na uku hannunsa ya gaya masa ya taɓa riƙe wannan mutumin. Ya tashi ya nufi bango, wajen igiya ɗaya tilo da tsawonta ya kai ƙasa har ta naɗe. Ya jera su biyu a kan tebur. Gangar jiki daidai, hannu daidai. Ƙafa ce kawai a igiyar da Rauf ya kawo ta ɗara da kamar yatsa ɗaya da rabi, kaurin tafin takalmi ke nan, domin Rauf ya manta ya ce a cire takalmi.

Igiyar bangon ta Abdul-Hakim ce, wani ɗan Tamale da ke aiki a Jamus. Shekara biyu da suka wuce ya zo hutu ya ari babur zuwa Kumasi, Fatawu ya auna shi. Bana ya dawo, kuma duk Nima ta san an kai gaisuwar aurensa da Latifatu, 'yar Rauf ta fari. Igiyarsa ita kaɗai ce a bangon mai ƙulli huɗu. Ɗan ƙarami ne, an ɗaure shi da jan zare, ƙasa kaɗan da ƙullin ƙafa. Abdul-Hakim ya taɓa karyewa a wajen ƙwallo yana yaro, ƙafarsa ta hagu ta gaza ta dama da faɗin babban yatsa. A tafiya ba a gani, shi ma ba ya faɗa. Igiyar da Rauf ya kawo ba ta da wannan ƙullin.

Fatawu ya daɗe a tsaye. Ya yi ta nema wa abokinsa mafita. Wataƙila Abdul-Hakim ya sayi nasa ne yana so ya ba mutane mamaki. Amma irin Raƙumi ba zai shigo garin nan ya kwana biyu ba tare da labari ya iso wannan rumfa ba, kuma Abdul-Hakim ba a Madina yake zaune ba, lungu uku ne tsakaninsu. Zuciyarsa ta san amsa, shi ne dai ya ƙi karɓa.

Bayan kwana biyu ya sami Rauf a majalisarsu bayan la'asar, ya ja shi gefe.

"Mutumin Madina ɗin nan, ban iya gama ƙarafa ba sai na gwada a jikin moto."

Ya ba shi ƙofa ke nan, a buɗe, faɗinta ya isa mutum ya shigo ya ce cale, na yi maka laifi. Rauf ya dubi ƙofar ya zagaye ta.

"To ai ga Raƙumi. Iri ɗaya ne. Ka ɗaura a jikin shi ka gwada, in ya yi sai mu kwance."

Ya faɗi haka yana murmushi, hannunsa a kafaɗar Fatawu. Wannan hannun ne ya fi komai ciwo. Da Rauf ya aiko 'yan sanda da takarda sun ɗauki babur, da Fatawu ya san abokin gaba ya yi. Amma a ce shi, da hannunsa, da sifanarsa, zai miƙar da Raƙumin da ya durƙusar, a kuma bar shi yana zaton aikin wani baƙo yake yi. An ci amanarsa, an kuma ɗauke shi wawa, ya rasa wanne zai fara haɗiyewa. Hausawa suka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Suweiba ba ta yi mamaki ba. Ta riga ta ji a wajen mata masu shirin biki cewa Rauf ya yi baki a gaban dattawan Tamale, wai zai ba surukinsa abin hawan da ba irinsa a Gana. Ta ɗauka mota ake nufi. Da Fatawu ya gaya mata zancen ƙulli na huɗu, sai ta ajiye ludayi.

"In ba ka sa shi ba, me zai faru?"

"Ba zai faɗi ba. Ƙugun shi ne zai karkace kaɗan-kaɗan. Kafin Kintampo ciwo kamar wuta ya kama shi. A Tamale sai an riƙe shi kafin shi sauka, a gaban dangin shi."

"To, Baban Zalia, abin da suka kawo maka shi za ka yi musu. Kai ka auna? Wanda ya auna shi ya san abin da ya auna."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba alƙalin da zai kama shi. Ya kwana biyu da wannan magana a ransa, tana yi masa daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Ya fara aiki. Ya mayar wa shokozoba tsawonta na asali, Raƙumi ya miƙe har rumfar ta yi masa kaɗan. Ya ɓare fatar sirdin da ya sassaƙa wa kansa, ya manna sabon soso mai tauri, ya ɗora mai laushi a sama, ya bi shi da wuƙa yana faɗaɗa baya yana rage gaba don cinya ta sami wurin kwanciya. Ya kai wa mai ɗinki a Mamobi ya ja sabuwar fata. Ya ƙera ƙarafa biyu masu kaurin yatsu uku ya sa ƙarƙashin kan babur, ya ɗan tura shi gaba don dogon hannu kada ya lanƙwashe a gwiwa. Da kan ya tashi sai wayar kuloci da ta birki suka gaza, dole ya sake su da masu tsawo, ya juya kan hagu da dama yana dubawa kada wata ta ɗaure. Gilashin gaba ma ya ɗaga shi, domin iskar da ke wuce gajere ta sama, dogo a goshi take dukansa. Duk notin da ya kwance ya tuna ranar da ya ɗaure shi, da abin da Rauf ke faɗa a kan benci a ranar.

Kowace safiya yana sa ran Rauf zai shigo ya zauna. Rauf ya riƙa leƙowa daga bakin ƙofa, ya ce aiki na kyau, ya wuce.

Matakan ƙafa ya bari ƙarshe. Dogo yana bukatar a saukar masa da su, in ba haka ba gwiwarsa na maƙale da tanki kamar mai zaman turmi. Ya yanke faranti biyu iri ɗaya. Ya huda na dama, ya ɗaure, ya saukar da sandar birki ta bi shi. Ya ɗauki na hagu ya sa alama daidai da na dama, ya kafa bakin abin huji a kan alamar. Hannunsa ya ƙi. Ya tsaya yana kallon alamar, igiyar da Rauf ya kawo a gefe ɗaya, mai jan zare a gefe ɗaya. Abdul-Hakim bai yi masa komai ba. Mutumin ya cire takalminsa a wannan rumfa, ya jingina da wannan bango, ya bari aka ga abin da yake ɓoye wa duniya. Wanda aka ci amanarsa ya fi kowa sanin ɗacinta. Fatawu ya goge alamar da babban yatsansa, ya auna faɗin yatsan zuwa sama, ya huda a nan. Ya rage soson sirdin da awon Rauf da takalmi ya sa aka ƙara, ya daidaita sandar giya da sabon matakin.

Da ya gama, al'adarsa ta motsa. Ya tura Raƙumi wajen dakali, ya taka ya haye. Hannunsa ya kai kan babur da ƙyar, ƙirjinsa a kwance kan tanki. Ƙafafunsa na lilo, ko matakan bai taɓa sosai ba, balle ƙasa. Aikin ya yi kyau, bai taɓa yin wanda ya fi shi ba. Ya sauko a hankali, ya zauna kan dakalin, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar uwarsa.

Ana gobe tafiya, da azahar, sai ga Rauf da Abdul-Hakim. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abdul-Hakim ya sunkuyar da kai ya shigo, ya gaida Fatawu da hannu biyu.

"Masta, sannu da aiki. Baaba ya ce ciwon baya ya hana ka hawa, shi ya sa ka ce in riƙe maka moton. Allah shi ƙara sauƙi."

Ashe har ciwo an ɗora masa. Fatawu ya dubi Rauf, wanda yaron ke kira Baaba. Rauf na karanta wani tsohon kalanda a bango kamar yau ya fara ganinsa.

"Amin," in ji Fatawu. "Hau mu gani."

Abdul-Hakim ya wurga ƙafa ya zauna. Bayansa ya miƙe, hannuwansa suka sauka kan babur kamar sun san wurin. Ya ɗora ƙafar dama, ya ɗora ta hagu. Ya sauke ta hagun ya sake ɗorawa. Ya leƙa ƙasa ya dubi matakin, ya ɗago fuskarsa cike da murna.

"Masta, ka tuna ƙafa na. Shekara biyu, ka tuna. Ni ko Baaba ban gaya masa ba."

Sai a lokacin Rauf ya bar kalandar. Ya dubi matakin hagu, ya dubi na dama, ya dubi teburin aiki inda igiyoyi biyu ke kwance kafaɗa da kafaɗa, ɗaya da jan zare. Fatawu ya ga lokacin da abin ya isa gare shi. Daɗin bakin nan duk ya bushe.

Abdul-Hakim ya tada inji ya tafi zagaye. Suka rage su biyu.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ba ka kai bakin gota ba."

"Don me ba ka yi magana ba?"

"Maganan na bakin ka ne. Kwana takwas ina jira."

Rauf ya zauna kan bencinsa, karo na farko cikin kwanakin. Ya ce bakinsa ne ya kuɓuce a gaban dattawa, kuma mutum ba ya lashe yawunsa a gaban surukai. Ya ce mutuncin Latifatu ne. Ya ce kunya ce ta hana shi faɗa. Ya ce baɗi zai kawo wani daga Tema, wanda ya fi wannan. Har ya ɗan taɓa zancen takarda, sai ya ji yadda ta fito ya janye. Fatawu na goge sifana yana jerawa. Da Rauf ya tsaya nan, wataƙila da sauran magani. Amma mai daɗin baki bai san inda ake tsayawa ba.

"Kuma ai tafiya na nan, cale. Ba mu iya zuwa ba fita mai gyaran moto. Akwai wuri a motan kayan aiki, gaba ma, kusa da direba. Har Gambaga za mu kai ka."

Fatawu ya ajiye sifana ta ƙarshe. Ya ga kansa yana sauka daga mota a ƙofar zauren ubansa, bayan Raƙumi ya riga ya iso da wani a kai, tsohon ya miƙe da sanda yana lalube yana kiran sunansa wajen da ƙarar take.

"Ka je ka shirya," in ji shi. "Gobe da safe zan zo."

Rauf ya fita da sauƙin zuciya, yana ganin an wuce wurin.

Washegari rana ta ɗan ɗaga, mahaya suka taru a bakin babban titin Nima, gaban masallaci. Babur goma sha biyu a jere, mata sun kawo koko da ƙosai, masu motocin haya na trotro na rage gudu suna kallo. Liman ya yi addu'ar tafiya. Abdul-Hakim na kan Raƙumi a gaba, ya yi kyau a kai, ba mai musu. Rauf na zagayawa yana ba da umarni, yana tambayar ko an ga Masta.

Aka gan shi. Ya fito daga lungu da ƙafa, jakar tafiya a kafaɗa, ba akwatin kayan aiki. Farar riga ce a jikinsa.

Hayaniyar ta fara mutuwa daga baya zuwa gaba. Mahaya suka shiga duban juna, kowa na ƙirga 'yan'uwansa a zuci, domin ba a ji an yi rashi ba. Wani ya kashe injinsa, na kusa da shi ma ya kashe. Fatawu ya ratsa su bai gaida kowa ba har ya tsaya gaban Rauf. Ya sa hannu a aljihu ya ciro igiya, tsohuwa, ta yi baƙi da shekara ashirin da biyar na hayaƙi. An naɗe ta da kyau. Wuraren ƙullin uku sun yi fari-fari inda aka kwance su.

Rauf ya ja da baya taku ɗaya. "Fatawu, ina da rai."

"Na gani."

Ya kamo hannun Rauf, wanda ya saba sauka a kafaɗarsa, ya buɗe tafin ya sa igiyar, ya rufe masa yatsu a kai da hannu biyu, yadda yake yi wa iyalan mamata.

"Mai wannan igiya aboki na ne tun muna yara," in ji shi, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. "In ka san dangin shi, ka kai musu. Allah shi ba mu haƙuri."

Ba wanda ya ce amin. Abdul-Hakim ya dubi surukinsa, ya dubi Fatawu, ya dubi sirdin da yake zaune a kai, fuskarsa ta fara sauyawa. Fatawu ya ɗan tsaya kusa da shi.

"In kun kai Kintampo ka duba notin matakin hagu, sabo ne. Ka sauka lafiya."

Ya tsallaka titi ya tsayar da trotro mai zuwa tashar motocin arewa. Aka matsa masa a kujerar baya, tsakanin wata mata mai kwandon kifi da buhun gari, jakarsa a kan cinya. Kwana ɗaya da wuni yana da su a hanya don ya nemo abin da zai gaya wa tsohon da ke bakin zaure, kuma ya san ba zai sami komai ba sai gaskiya.

Sun kusa fita daga unguwa ya ji mahayan a baya, sun taso. Bai waiga ba. Cikin injuna goma sha biyu kunnensa ya tsamo guda, ya bi shi yana matsowa, ya zo daidai taga, ya wuce. Ya kasa kunne ko zai ji wani ɗan tari, ko wata ƙara da ba ta dace ba, wani abu dai da zai ce da saura. Babu. Raƙumi na tafiya lafiya lau, ya hau giya ta uku ba gargada, ƙararsa ta yi ta raguwa ta hanyar arewa har ta ɓace.